Yadda za ka ɗora ɗaki a saman gidan haya a Maraɗi idan maƙwabci ya ƙi ba da haɗin kai

Fili ya yi wuya a tsakiyar Maraɗi, musamman a kewayen babbar kasuwa da tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴandaka. Gidajen da aka yanka da faɗi bayan ambaliyar Gulbi ta 1945, lokacin da gari ya taso daga kwari ya hau tudu, gado ya yi ta rarraba su har wani sashen bai wuce ɗaki biyu da ɗan tsakar gida ba. Saboda haka mutumin da ya kama haya ta shekaru masu yawa a irin wannan wuri, iyalinsa suka ƙaru ko kayan sana'arsa suka rasa wurin ajiya, ba ya da inda zai duba sai sama. Na daɗe ina bin ayyukan gini a wannan gari, kuma abin da na fi gani shi ne mutum ya sauke yashi da tsakuwa a ƙofar gida, ya sayi siminti, sannan ya tuna cewa gidan ba nasa ba ne kuma katangar gabas ta haɗa shi da wani dattijo da ba ya son jin zancen bene. Wannan tsari a juye yake, kuma shi ne ke jawo a tsayar da aiki bayan kuɗi sun riga sun shiga ƙasa.

Wanda za ka fara zama da shi mai gida ne. Dokar farar hula da kotunan Nijar ke aiki da ita, wadda aka gada daga Faransa, ta faɗa a sashe na 552 cewa mallakar ƙasa ta haɗa da abin da ke samanta da abin da ke ƙarƙashinta. Ma'anar wannan a gare ka ita ce, kuɗin hayar da kake biya sun ba ka ɗakunan da kake kwana a ciki, amma sararin da ke bisa rufi na mai fili ne, kuma duk abin da aka gina a can doka za ta ɗauka nasa ne sai in an kawo shaidar da ta nuna akasin haka. Wanda ya yi gini a filin wani ba da izini ba yana iya wayar gari mai fili ya ce ya rushe da kuɗinsa ya mayar da wuri yadda yake. Don haka kalmar "je ka yi, babu komai" da mai gida zai faɗa maka a zaure bayan sallar la'asar ba ta isa ka dogara da ita ba, ko da kuwa mutumin kirki ne da bai taɓa saɓa alkawari ba, domin rai ba a hannunsa yake ba, kuma magadansa ba su ji lokacin da ya faɗa ba.

Kafin ma a kai ga rubutu, ka nemi ganin takardar filin da idonka, ko takardar da ma'aikatar magajin gari ta bayar lokacin da aka yanka shi, ko babbar takardar mallaka idan an yi ta, ka duba sunan wane ne a kanta. Gidajen haya da yawa a Maraɗi gidajen gado ne da ba a raba ba, wanda ke karɓar kuɗi duk wata babban ɗa ne kawai ko wakili, sauran magada kuwa suna Yamai ko Kano ko gidajen aurensu. Idan haka abin yake, sa hannun mutum ɗaya ba zai kare ka ba. Ka nemi kowane magaji ya sa hannu, mata da maza, ko su rubuta wa mutum ɗaya wakilci a gaban hukuma. Na san wannan yana ɗaukar makonni, wani lokaci ma ya tono tsohuwar gaba da ba ta shafe ka ba, amma gara ta fito yanzu da ta fito ranar da aka kafa katakon zuba kankare.

Yarjejeniyar da za ku rubuta ta ƙunshi abin da za a gina da girmansa, da wanda zai biya, da yadda kuɗinka za su dawo maka. Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce ɗan haya ya gina da kuɗinsa a riƙa cirewa daga haya. Ka yi lissafin a fili a kan takarda. A misali, idan aikin zai ci sefa miliyan 3 kuma hayar wata jaka 50 ce, sai an yi wata 60, wato shekara 5, kafin ka fanshe ko da ba ka biyan ko dala a tsawon lokacin. In kuwa rabin haya kawai ake cirewa, shekara 10 ke nan. To idan wa'adin hayarka shekara 3 ne, ka ga sai an tsawaita shi kafin a taɓa bulo ɗaya. A rubuta kuma abin da zai faru idan aka sayar da gidan, ko mai gida ya rasu, ko kai da kanka ka tashi kafin wa'adi, da cewa ba za a ƙara maka haya saboda ɗakin da ka gina da guminka ba har sai ka fanshe. Wanda hayarsa ta shago ce ko ta wurin sana'a yana da ƙarin kariya a dokar kasuwanci ta OHADA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka masu bin dokar kasuwanci ɗaya, wadda Nijar ke cikinta, domin ta yarda a biya ɗan haya kuɗin gine-ginen da ya yi idan ba a sabunta masa haya ba, amma da sharaɗin ya yi su da izinin mai gida. Nan ma ka ga izinin ne ginshiƙi. Ku kai takardar wurin noter, wato ma'aikacin shari'a da ke tabbatar da yarjejeniya, ya hatimce ta. Kuɗin da zai karɓa ba su kai na buhunan simintin da za ka yi asara ba idan magana ta lalace.

Akwai wani abu da ake mantawa a wannan zama. Haƙƙoƙin da doka ta bayar game da katangar da ta raba gida biyu na masu gidajen ne, ɗan haya ba ya cikin lissafi. Saboda haka a sa a yarjejeniya cewa mai gida zai sa hannu a takardar neman izinin gini, zai kuma tsaya da kansa ko ya aiko wakili duk lokacin da za a zauna da maƙwabci. Maƙwabcin da ya raina ɗan haya yakan sassauta idan ya ga wanda suka gaji iyaka tare tun zamanin iyaye.

Bayan mai gida sai injiniya, kuma ina nufin injiniya ko ƙwararren mai zanen gini, ba magini kaɗai ba, duk da girmamawar da nake yi wa maginanmu. Magini zai dubi bango ya buga shi da hannu ya ce zai ɗauka, alhali abin da zai ɗauki nauyin yana ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya gani. Ka yi la'akari da ɗaki mai mita 4 a kan mita 4. Dal ɗinsa, wato shimfiɗar kankare da za ta zama rufin ƙasa kuma daɓen sama, idan kaurinta santimita 12 ne, nauyinta ya kusa tan 5, tunda kowace mita kubik ta kankare mai ƙarfe tana kai tan biyu da rabi. Bangon ɗakin mai tsawon mita 3 zai ci bulo kusan 600, in kowane ya kai kilo 15 ka ga tan 9, ba a sa yaɓe da rufi da mutane da kaya ba. Tan 14 daidai yake da a jibge buhun gero 140 masu kilo 100 a kan gidan a bar su har abada. Yawancin gidajen da aka gina don hawa ɗaya ba a haƙa musu tushe don wannan ba, wasu ma tubalin laka ne aka yi wa rigar siminti, ƙasar Maraɗi kuwa rairayi ce da ruwa ke zaizayewa daga ƙasan tushe. Wanda ya ga abin da daminar 2024 ta yi wa gidaje a wannan gari, musamman ruwan ƙarshen watan Agusta, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Ka bar injiniya ya sa a haƙa rami biyu ko uku a gindin bango don a ga zurfin tushe da faɗinsa, a kuma fasa yaɓe a kusurwoyi a tabbatar ko akwai ginshiƙan kankare masu ƙarfe a ciki. Idan gidan na laka ne da rufin azara, shawarata ita ce ka cire ɗora dal a kansa daga ranka gaba ɗaya. Abin da ake yi a irin wannan hali, kuma shi na fi so ko da bangon na bulo ne, shi ne a kafa sababbin ginshiƙai masu tushen kansu a cikin filinka, su ɗauki ɗakin sama ba tare da ya jingina da tsohon bango ko katangar maƙwabci ba. Ya fi tsada, yana kuma cin ɗan wuri a ɗakin ƙasa, amma yana cire rabin gardamar da za ka yi da maƙwabci tun kafin a fara ta. Matakala ma a yi tunaninta da wuri: hawan mita 3 yana bukatar taki kusan 18 masu tsayin santimita 17, kuma idan miƙaƙƙiya ce za ta ci kusan mita 5 na tsakar gida. Mutane da yawa sun gama zanen ɗaki sannan suka ga babu inda matakala za ta zauna sai jikin katangar maƙwabci, wurin da ya fi ko'ina jawo rigima.

Yanzu mu zo kan maƙwabcin, wanda shi ne zuciyar maganar. Abin da na koya shi ne ƙin yardarsa kaɗai ba ta hana gini, cutarwar da ginin zai yi masa ita ce ke hanawa, a wurin alƙali da wurin malamai da wurin mai unguwa baki ɗaya. Aikinka shi ne ka gano cutarwar da yake tsoro ka cire ta daga zane, ta yadda in ya ci gaba da ƙi, ƙin nasa ba shi da abin da zai tsaya a kai. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a gidajenmu tsoron maƙwabci ba ya cika wuce sutura da ruwan sama da tsagewar katanga.

Sutura ce babba. Tsakar gidan Bahaushe ɗaki ne da ba shi da rufi: nan mata ke daka da girki da wanki da kitso, nan ake shimfiɗa tabarma a kwana a watannin zafi, makewayi ma sau da yawa a buɗe yake ta sama. Wanda ya hau mita 3 ya ga wannan duka. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yanke wannan, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, ta hana mutum buɗe tagar da zai riƙa hango maƙwabcinsa ta cikinta, bisa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Dokar farar hula ta sa wa abin awo: ba a buɗe taga ko baranda mai kallon filin maƙwabci kai tsaye sai da tazarar mita 1.90 daga iyaka, mai kallon gefe kuwa santimita 60, sannan katangar da kuka yi tarayya a kanta ba a huda ta ko kaɗan sai da yardarsa. Ni dai ina ba da shawarar a wuce abin da doka ta nema. Tazarar mita biyu ba ta hana ido gani, don haka ka mayar da tagogi duka wajen titi ko wajen tsakar gidanka, ɓangaren maƙwabci ya zama bango rufaffe, in kuma ana son iska a bar ƴan ƙananan kafofi can sama da kan mutum. Duk inda ƙafa za ta taka a sama, ko baranda ko kan matakala ko wurin tankin ruwa, a kewaye shi da bango mai tsawon mita 2 ta wajensa.

Na ga yadda wannan ke warware abin da ake zaton ba zai warwaru ba. Wani ɗan'uwana ya kama sashen gida da shago a gabansa, ya so ya ɗora ɗakin ajiya, maƙwabcinsa kuwa, dattijo mai mata biyu, sau uku ana aika masa yana cewa shi bai yarda ba, bai kuma faɗi dalili ba. Ranar da muka je tare da mai unguwa, bayan an gaisa an tambayi iyali, ɗan'uwan nawa ya ce masa: "Baba Alhaji, ban zo da gardama ba, na zo ne ka nuna mini abin da zai dame ka in gyara kafin in taɓa komai." Dattijon ya yi shiru, sannan ya aika yaro ya ce mata su shiga ɗaki, ya ja mu har tsakar gidansa. Ya tsaya kusa da murhu, ga randuna biyu a gindin bishiyar dogon yaro, ga shanya a kan igiya, ya ɗaga sandarsa ya nuna kusurwar da aka ce matakala za ta bi. Daga inda muke tsaye kowa ya ga cewa mai hawa taki na goma zai leƙa makewayin gidan. Ɗakin bai dame shi ba ko kaɗan, kunya ce ta hana shi faɗin abin da ke ransa ta bakin ɗan aike. Aka juya matakalar ta koma ɓangaren titi, aka ƙara bango. Bai taɓa cewa ya yarda da bakinsa ba, amma bai kai ƙara ko'ina ba, kuma ranar zuba dal daga gidansa aka jawo tiyon ruwa.

Batun ruwan sama ba shi da wuya in an kula. Doka ta ce kowa ya tsara rufinsa yadda ruwa zai zuba a filinsa ko a hanya, kada ya zuba a gidan maƙwabci. Indararon da ke zubowa daga mita 6 yana haƙa rami a gindin katanga cikin damina ɗaya, saboda haka a sa bututu ya sauko da ruwan har ƙasa ta ɓangarenka, a nuna shi a zane yadda maƙwabci zai gani.

Katanga kuwa sai an fara sanin ta wace ce. Idan a cikin filinsa take shi ya gina ta, ba ka da ikon ɗora mata komai. Akwai hadisin Abu Huraira da ya ce kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa, amma malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin kyautatawa da ake kwaɗaitarwa, alƙali ba ya tilasta shi, kuma azara ɗaya daban take da tan 14. Idan ta tarayya ce, doka ta ba kowane ɗaya daga masu gidajen damar ƙara mata tsawo da kuɗinsa shi kaɗai, in kuma ba za ta iya ɗauka ba ya sake gina ta gaba ɗaya da kuɗinsa, ƙarin kaurin ya ci ta ɓangarensa. Ba a kuma jingina mata wani gini sai da yardar ɗayan, ko bayan masana sun fayyace yadda za a yi ba tare da an cutar da shi ba. Wannan dama ce ta gaske, sai dai bin ta da maƙwabcin da ya riga ya ƙi yana nufin kotu da masana da watanni, shi ya sa na ce ginshiƙai masu zaman kansu sun fi sauƙi.

A nan akwai abin da ya kamata mu ara daga Ingila, inda ake sayen sashen bene a kan haya ta shekara 99 ko 125, kuma sararin da ke ƙarƙashin rufi sau da yawa yana zama na mai ginin har sai an saye shi daban. Wata dokarsu ta 1996 ta wajabta wa mai son taɓa bangon tarayya ya sanar da maƙwabci a rubuce wata biyu kafin aiki. Maƙwabcin yana da kwana 14 ya amsa, in ya yi shiru a ɗauka akwai saɓani, a naɗa masanin gini ya tsara yadda za a yi aikin, kuma bisa al'ada yakan rubuta halin da bangon yake ciki kafin a fara. Maƙwabci ba ya iya hana aikin da ke kan ƙa'ida, mai gini kuma ba ya iya musun ɓarnar da ya yi. Wannan doka ba ta aiki a Nijar, amma babu abin da ya hana ka bin tsarinta don kare kanka. Bayan ka je da ƙafarka ka yi magana ta mutunci, ka rubuta takarda da Hausa da Faransanci mai ɗauke da abin da za a gina, da ranar farawa, da lokutan aiki, da alkawarin gyara duk abin da aikin ya ɓata, ka haɗa da kwafin zane, a miƙa masa ta hannun mai unguwa a gaban shaidu biyu. Kada takarda ta riga ƙafarka zuwa, domin a wurinmu wanda aka fara aika wa takarda yana jin kamar an kai shi ƙara ne.

Sannan a ɗauki hoton katangar ta ɓangarori biyu kafin a haƙa ko da taki ɗaya, kowace tsaga a sa mata ma'auni a gefe a ɗauka, a rubuta kwanan wata. Idan ya hana a shiga gidansa, kada ka matsa, kada kuma ka sa yaro ya hau katanga da waya, wannan kaɗai ya isa ya ɓata maka duk abin da ka gina na mutunci. Ka ɗauki ɓangarenka, ka kira wisiye, wato ma'aikacin shari'a da ke rubuta abin da ya gani da idonsa, ya rubuta halin katangar da kuma cewa an nemi shiga an hana. Ranar da aka ce aikinka ne ya tsaga bango, wannan takarda za ta yi magana a madadinka.

Idan duk da haka ya tsaya a kan bakansa, a bi matakan sulhu yadda aka saba, kada a tsallake. Mai unguwa da limamin masallacin da kuke salla tare su ne na farko, in abin ya fi ƙarfinsu a kai fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, tunda dokar ƙasa ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a irin waɗannan rigingimu. Duk abin da aka amince a kai a rubuta shi a sa hannu, ko da sharaɗi ɗaya ne. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma in an kai can wanda ya zo da izinin mai gida da zanen injiniya da shaidar cewa ya nemi sulhu ya fi wanda ya zo da baki kawai. Abin da ba na so ka yi shi ne ka ba shi kuɗi don ya yi shiru. Shirun da aka saya ba ya ɗaure ƴaƴansa, kuma yana sa a ɗauka ka san kana da laifi.

Izinin gini daga ma'aikatar magajin gari ake nemansa, birnin kuma an raba shi gunduma uku, sai ka fara tambaya a ofishin gundumar da gidan yake su faɗa maka takardun da ake bukata a lokacin da kuɗin da za a biya, ka karɓi rasiɗi a kan kowane. Ka shirya takardar fili da zane da yardar mai gida. Ƙara hawa a kan gida gini ne da ke bukatar izini kamar sabo, kuma kasancewar wasu a unguwa sun yi ba tare da shi ba ba hujja ba ce a gare ka, domin su ba su da maƙwabcin da ke jiran kuskurensu. Ka kuma ɗaga kai ka dubi wayoyin kamfanin wutar lantarki na NIGELEC da ke bin layinku, saboda ƙarfen rodi yana zuwa da tsawon mita 12, kuma lebura da ke juya shi a saman gida kusa da waya yana cikin haɗarin rasa ransa. In wayar ta yi kusa, a je kamfanin a nemi shawararsu kafin a fara.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Fabrairu, don kada a buɗe rufi hadari ya taso a kan kayanka da na mai gida. Sai dai iskar hunturu tana busar da kankare da sauri, zafin Maris zuwa Mayu kuma ya fi ta, don haka a riƙa shayar da dal safe da yamma aƙalla mako guda, a rufe shi da buhuna masu laima. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28, kada ka bari gaggawar magini ta sa a cire itatuwan tokare kafin injiniya ya ce a cire. Awon da aka saba da shi na dal da ginshiƙai shi ne kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7, ko na Malbaza ne ko wanda ake shigowa da shi daga Najeriya. Ka tsaya da kanka ranar zubawa ka ƙirga buhunan da aka fasa.

Makonnin aikin su ne suka fi gwada zumunci, domin maginan da ke sama suna ganin abin da ka yi alkawarin ba za a gani ba. Abin da za a fara kafawa kafin kowa ya hau shi ne shingen zana ko na kwano mai tsawon mita 2 ta ɓangaren maƙwabci, kuma bangon wannan ɓangaren shi za a fara ginawa. Kowace safiya a aika yaro ya yi sallama ya ce za a hau, a ba mata lokaci su kimtsa. A ja wa leburori kunne a kan waya da surutu da leƙe, wanda ya saɓa a sallame shi ranar. Kada a yi aiki da dare ko lokacin sallar Juma'a, kada yashi ya toshe masa ƙofa ko magudanar ruwa, in kuma siminti ya faɗa gidansa a nemi izini a share kafin ya yi magana.

Idan aka gama, ka sake gayyatar mai unguwa da mai gida a duba katangar tare a gwada da hotunan farko, duk tsagar da ta ƙaru ka gyara ta da kuɗinka ba tare da jayayya ba. Ka tattara rasiɗan siminti da ƙarfe da ladan magina, ku zauna da mai gida ku rubuta jimillar abin da aka kashe a ƙasan yarjejeniyarku ku sa hannu, saboda daga wannan adadi ne za a fara cirewa a haya. Ruwan farko na watan Yuni kuma ka fito ka tsaya a cikinsa ka ga inda bututun ke zubarwa, in ko ɗigo yana sauka ta wajen maƙwabci ka kira magini washegari.